Kik Ɗin Golf: Wasiƙa Daga Hamburg Zuwa Batsari

Taubashi, bawan gidanmu,

Ubangidanka na Hamburg yana gaishe ka, yana gaida Gwaggo da yara da mutanen tasha. Labari ya iske shi cewa Golf ɗinka ta daina tashi da makulli, har fasinjojin Safana sun san kuɗin mota iri biyu ne a wurinka, na aljihu da na ƙirji. An ce ko sallah za ka tsaya yi a Runka sai ka nemi gangare, kuma yaran Wagini da sun hango ka suke naɗe hannun riga.

Tun 1912 Charles Kettering ya sa wa Cadillac kik na lantarki a Amurka don mutane su huta da wahalar tayar da mota da hannu. Duniya ta huta, ban da fasinjojinka.

Ubangidanka ma tasa Golf 3 ta yi masa haka a cikin sanyin Jamus: ya murɗa makulli, sai "ƙas" ɗaya, shiru. A nan ba mai tura maka mota, kowa yana sauri da lemarsa. Gareji kuma da awa suke lissafi, awa guda ta haura Yuro 100, kuma ba ruwansu da buɗe kik su duba cikinsa. Su cire, su ɗaura wani, su karɓe tsohon a mayar kamfani. Sai ya tuna masu rewaya na gida, waɗanda ke warware kik a kan buhu, su canza burushi, su goge amacha da samfefa, mota ta tashi kafin shayi ya huce. Ya shigar da ita garejin gida, ya shimfiɗa kwali, ya kwanta.

Ga yadda ya yi, ka buɗe kunne.

Ya fara gwada batir, don sau da yawa shi ne mai laifin ake zargin kik. Da ya ga lafiyarsa ƙalau, sai ya kwance kan batir mai alamar ragewa ya kawar da shi gefe. Wannan ba ƙa'idar Turawa ba ce kawai. Kakkaurar wayar da ta taso daga batir zuwa kik kullum da wuta a jikinta, ko makulli yana aljihunka, kuma kik na jan sama da amfiya 100 in zai juya inji. Sifana ta haɗa wannan waya da bodi, za ka ga walda ba tare da ka kira mai walda ba. Wannan zoben azurfa da kake taƙama da shi ma ka cire.

Bayan nan ya zare siririyar wayar da ke zuwa daga makulli, ya kwance notin babbar.

Inda Golf take da wayo shi ne wurin boltin. A Golf 2 da Golf 3, dogayen boltin da suka riƙe kik a jikin giyabos su ne kuma suka riƙe ƙarfen kujerar inji ta gaba. Wanda ya zare su haka kawai, inji zai sunkuyo, ramuka su goce, ya wuni yana neman yadda bolti zai koma. Saboda haka ya sa jak da guntun katako ya tallafe injin tukuna, sannan ya kwance. Da kik ya fito sai ya haska tocila cikin ramin, domin akwai ɗan bushin a jikin giyabos wanda bakin sandar kik ke zama a ciki. In ya cinye, ko sabon kik ka ɗauko daga Ƙofar Ruwa zai riƙa jan ƙafa yana gurnani. Nasa burushi ne suka ƙare, bushin ɗin ma ya canza shi tunda hannu ya riga ya yi baƙi.

Kuma ka daina dukan kik da wilsifana. Ɗan ƙwanƙwasawa kan sa burushin da ya cinye ya taɓa na ɗan lokaci, amma na zamani maganaɗisu ne a cikinsu, duka mai ƙarfi yana fasa su.

Ubangidanka yana tsokanarka ne, amma hankalinsa ba a kwance yake ba. Ya san hanyoyin da kake bi a gefen dajin Rugu, ya san abin da mutanen Batsari da Safana suka gani a shekarun nan. Motar da ta mutu da la'asar sakaliya tsakanin ƙauye da ƙauye, cike da mata da yara da buhunan masara, ba a so a ce sai an sauko an tura ta.

Kuɗin sharar bana zai turo maka da wuri, ba sai watan cika-ciki ya kama ba. Kada su wuce wurin mai tsire. Ka kai kik ɗin wurin mai rewaya, a sa burushi da bushin, sannan ka ɗauki bidiyon motar tana tashi da makulli a fili shimfiɗaɗɗe ka aiko ta WhatsApp, da Gwaggo a tsaye a gefe ta zama shaida.

Ubangidanka,
daga Hamburg