Goni, Ajiye Carbin, Ba a Gwange Za Mu Yi Ba

Tun ban rufe baki ba na ji Goni ya fara a'uziyya. Wasan kwaikwayo a maƙabarta? Allah gafarta Malam, ba ni na ƙago ba, aikin Turawa ne. A birnin Atlanta na Amurka akwai maƙabartar Oakland, wadda aka buɗe a 1850. In Oktoba ta kama, mutane kan biya kuɗi a zaga da su da dare, ɗan wasa ya sha kayan mutanen da, ya tsaya gefen kabari yana ba da labarin mai kabarin, kai ka ce shi ne ya taso. Mu kuwa a maƙabartar Gwange sallama ce da addu'a, sai a kakkaɓe takalma a fito. Na yarda da ku, ko kalangu ba zan kai bakin ƙofar ba.

To amma ku masu saurin cewa haram, wa ya kawo fadar Shehun Borno Yerwa, wato Maiduguri, a 1907? Ga shi kun yi tsit. Shehu Abubakar Garbai ne, alhali kullum sai Keke NAPEP ta ratsa Dandal da ku har ƙofar fadar. Shehu Laminu fa, ina yake kwance? A Kukawa, garin da ya kafa a 1814, wanda Rabeh ya ragargaza a 1893. Hanyar can ta yi wuya a shekarun nan, yaran Maiduguri da yawa sunan kawai suke ji. Tunda ba za a kai su ba, sai a kawo musu labarin a Dandal bayan la'asar, a wasan kwaikwayo.

Wasan ma a rubuce yake, ba sai an wahalar da marubuci ba. Bayan mayaƙan Fulani sun ci Birnin Ngazargamu a 1808, Shehu Laminu ya aika wa shugabannin jihadi da wasiƙa yana neman hujjar yaƙar Musulmi. Muhammadu Bello ya mayar da amsa cewa akwai al'adun da suka saɓa wa tauhidi a Borno, shi kuma Shehu ya kafe a kan cewa saɓo daban, kafirci daban. Bello ya adana musayar a Infaƙul Maisuri. Yanzu a samo Babarbare ɗaya da Bafillace ɗaya, a ba kowa tabarma da wasiƙarsa. Abokan wasa ne tun kakanni, wa zai koya musu cacar baki? Alƙalin wasa dai ya zo da haƙuri.

Na ji Hajiya daga baya tana cewa kwaikwayon Shehu raini ne. Madalla, to kada kowa ya naɗa rawaninsa. A fito da manzon da ya ɗauko takardar, ƙura har gira, ya karanta wa jama'a.

Sai Rabeh. Gidansa na nan tsaye a Dikwa. An kashe shi a Kusuri ranar 22 ga Afrilu 1900, a yaƙin da kwamandan Faransa Lamy shi ma ya mutu, aka laƙaba wa sabon gari Fort-Lamy, Njamena ta yau. Samari za su yi rububin wannan matsayi saboda akwai bindiga da doki. Ni dai shawarata, wanda zai fito a Rabeh kada ya zama ɗan Shehuri, unguwar fadar Shehu, don in an tashi daga wasa ta gaban tsofaffin unguwa zai bi ya koma gida.