Gaisuwa ga Alhaji Mai Gawayi

Ranka ya daɗe, Alhaji mai gawayi, manoman Kunci na gaisuwa. Kai ne ka gano abin da kakanninmu suka mutu ba su gane ba, wato bishiya ba ta da amfani sai ta kwanta.

Dubi wautar mutanen da. Mutum ya gaji gona ƙarama, amma ya bar gawo a tsakiyarta, wai don yana zubar da ganye da damina ya yi wa gero taki, da rani kuma ya yi wa dabbobi inuwa, ya zubo musu da 'ya'ya su ci. Ya bar ɗorawa don matarsa ta dafa daddawa, ya bar kuka don miya, tsamiya don kunu, kaɗanya don mai. Shekara da shekaru suna wannan wahala, har Allah ya kawo ka da injin yanka. Abin da ya yi shekara sittin yana girma, kafin azahar ka gama da shi. Wannan ai shi ne ci gaba.

Adalcinka ma abin a yaba ne. Ba ka taɓa sare bishiyar kowa da ƙarfi ba. Kana jira ne damina ta yi tsakiya, rumbu ya yi ƙasa, yaro na kwance da zazzaɓi, sannan dillalinka ya yi sallama ya taya. Manomi ya karɓi kuɗin da ba za su kai shi girbi ba, har ya bi ka da addu'a. Matan gida kuwa ka hutar da su daga dakan kalwa. Yanzu sai su sayi dunƙulen kanti da kuɗin da ba su da shi.

Masu hassada na cewa kana jawo hamada. Ba su san tausayinka ga mutanen birni ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 rayuwa ta yi tsada, gas da kananzir suka fi ƙarfin talaka, Kano ta koma kan kurfoti. Wa ya share mata hawaye in ba kai ba? Idan iska ta kwashe ƙasar gona, ruwa ya yi mata kwazazzabo, ai ba a gaban shagonka abin ya faru ba.

Ka kuma fi mutanen Maraɗi wayo nesa ba kusa ba. Su tun shekarun 1980, lokacin da wani ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, yake aiki a cikinsu, suka koma tattalin tohon da ke fitowa daga kututture, suna sassabe wasu rassa suna barin masu ƙarfi. An ƙiyasta cewa manoman kudancin Nijar sun farfaɗo da bishiyoyi kusan miliyan 200 a kan hekta kusan miliyan 5. Kai kuwa ka rufe wannan ƙofa tun daga tushe, domin yaranka har kututturen kirya suke tonewa su cusa a rami, kada wani abu ya sake tohowa ya dami manomi.

Tarayyar Afirka ta amince da shirin ganuwar bishiyoyi a 2007, Najeriya ta kafa masa hukuma a 2015, Kano na cikin jihohi 11 da ya shafa. Ba a bar ka a baya ba. Ranar dashen itatuwa ka zo da babbar riga, ka dasa darbejiya 'yar tsawon kamu ɗaya, aka ɗauki hoto, aka tafa. Ba shinge, ba ban-ruwa. Kafin mako ya zagayo awaki sun yi maka godiya.

Mun ji ka fara zagaya tsamiyar bakin masallaci, dattawa sun ce ba ta sayarwa ba ce. Kada ranka ya ɓaci, Alhaji. Ka dawo a watan Agusta.