Rabin Kai a Batsari, Rabi a Safana

A ƙarshen Agustan 2021 gwamnatin Katsina ta Aminu Bello Masari ta hana sayar da fetur a jarka, ta hana cinikin dabbobi a kasuwannin da ke maƙwabtaka da Dajin Rugu, cikin Satumba kuma aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da Batsari da Safana. An yi haka ne don a toshe wa 'yan bindiga hanyar mai da ta labari. Sai dai wanda ya tsara dokar bai sa sumar kaina a lissafi ba. Shagon aski na zamani janareta ke riƙe da shi, janareta kuma da jarka ake ɗauko masa mai, wutar lantarki kuwa sai ta ga dama. Yaron da ke yi mini saisaye ya garƙame shago ya koma gonar rogo. Ga ɗaurin auren ɗan yayana ranar Juma'a a Safana, ni ne kuma wakilin ango.

Ranar Alhamis, ranar kasuwar Batsari, na nufi gindin bedin da wanzamai ke zama. Na tarar da Baba, wani tsohon wanzami, ya baje zabira a kan tabarma: asake jere, ƙaho, almakashi, mawashi, da wata fata da ta yi baƙi don shan washi. Babu kujera, babu madubi, babu hoton ɗan ƙwallo da za ka nuna ka ce irin nasa kake so. Aski iri ɗaya ne, ƙwal-kwabo.

Na gaishe shi, na rage murya na ce, "Baba, kuna ƙona askar kuwa? Ma'aikatan lafiya sun ce ana ɗaukar ciwon hanta ta nan." Gaskiya suka faɗa, shi ma ya sani, don ya tsoma ta a sifirit ya ƙyasta ashana. Amma sai da ya ɗaga murya yadda masu sayar da dankali za su ji:

"Malam, ni na yi maka askin suna, ni na yi maka kaciya. Can ba ka tambaye ni ba, sai yau a kan kai?"

Na zauna.

Wanda bai taɓa miƙa kansa ga wanzami ba ba zai gane abin da tsofaffi ke gani a ciki ba. Ya jiƙa sumar da ruwa, ya goga sabulun salo, ya shiga murza fatar kan da manyan yatsu har na ji gajiyar mako tana sauka ta kafaɗu. Ya gitta askar a fata, ya ƙarasa a tafin hannunsa. Da ya ɗora ta a ƙeya, babu ƙugi, babu fizga, sai wani ɗan ƙyas-ƙyas da kai kaɗai kake ji daga ciki. Duk inda ta wuce iska na biye da ita, sanyi na ratsa wurin da ya shekara bai ga rana ba. Yana aske, yana share gashin a bayan hannu, yana juya kaina da yatsa biyu kamar mai zaɓen kankana. Injin aski yanke gashi yake yi ya bar tushe. Aska kuwa da fata take magana. Har gyangyaɗi na fara, ni da wuƙa a bayan kunne.

Ya gama ɓangaren dama tas, daga ƙeya har goshi, sai aka ji ɗau!

A wancan lokaci, a yankinmu, ba a tsayawa tambayar ƙarar mece ce, kuma ba wanda zai ga laifin kowa. Kasuwa ta watse. Na tsinci kaina a bayan buhunan garin kwaki, kumfa na gangaro mini cikin ido. Da ƙura ta lafa aka gane tayar motar rogo ce ta fashe. Na koma gindin bedi, babu Baba, babu zabira, babu sauran wanzamai, sai takalminsa ƙafa ɗaya. Wani mai goro ya ce ya ga dattijon nan da ke tashi da ƙyar ya haye babur ya miƙi hanyar Ruma. Waya kuwa ba layi.

A gida uwargida ta dube ni ta dama ta ce ango, ta zagayo ta hagu ta ce mahaukacin kasuwa, ta shige ɗaki ta ci gaba da abin da ta kira tari. Ta kawo shawarar reza. Na tuna yadda take fere kabewa na ce a bari.

Da safe na danna hula har gira na shiga motar Safana. A shingen 'yan sintiri aka ce kowa ya sauko, aka zo kaina aka ce, "Malam, cire hula." Na cire. Aka yi tsit. Wani saurayi mai bindigar toka ya zagaya ni ya ce, "Wannan alamar wace ƙungiya ce?" Sai da babbansu ya share hawaye ya ce a bar ni, shi rabonsa da ganin irin wannan tun zamanin da ake bar wa yara zanko da tukku, su ma a tsakiya ake bari, ba a gefe ba.

A Safana, garin Yariman Katsina, na sami wanzami kusa da masallaci. Na cire hula na ce a ƙarasa. Ya shafa ɓangaren da aka aske a hankali, ya ce, "Bahago ne, daga ƙeya yake farawa, ba ya maimaita wuri. Na san hannun. Ba ni shiga aikinshi."

"Haba Sarkin Aska, ku taimaka, ɗaurin aure zan tsaya."

"Malam, ba ka san wanzamai ba. In ya ɗaure mani aska, ta ƙi cin ko gashin jinjiri, kai za ka ciyar da ɗiyana?"

Wannan magana ta ɗaure aska tsohuwa ce tsakaninsu. Ni dai ina ganin ladabin sana'a ne aka sa wa rigar tsoro, don kada wani ya ƙwace wa wani mutane. Amma mai rabin kai ba ya jayayya da mai aska.

Aka kira salla. Alwala ba ta san hula ba. Da na zo shafar kai, hannun dama ya zarce har ƙeya, na hagu ya maƙale a hanya. Almajirai suka kewaye ni. A nan waliyyin amarya, wanda ban taɓa gani ba, ya tambayi wane ne wannan, aka ce masa wakilin ango ne. Ya yi salati, ya kama hannuna ya mayar da ni wurin wanzamin da kansa, ya ce shi zai ɗauki alhaki, don ba zai ba da 'yarsa ga dangin da ba su gama yanke shawara a kan kawunansu ba. Aka ƙarasa askin bisa sharaɗin in kai wa Baba goro. Na miƙa rabin kuɗi, aka ce cikakke: rabi na aski, rabi na shiga hurumin wani.

An ɗaura aure lafiya. Kwana da kwanaki ina shafa kaina, santsi, babu ƙurji ko ɗaya, barci kuma sai an tashe ni.

Kasuwa ta zagayo na kai goro. Baba ya karɓa, ya zare mini hula ba tare da ya nemi izini ba, ya bi tsakiyar kan da babban yatsa.

"Nan hannuna ya tsaya. Daga nan zuwa kunne aikin 'yan Safana ne. Ka ji kaushi?"

Na ce, "Baba, ai da ba ku gudu ba."

"Gudu? Aska ce a hannuna, ga jijiyar wuyanka. Nesanta ta na yi da kai."

"Har Ruma?"

"Zauna, Malam, ruwan na hucewa."