Mota Ta Sha Fenti, Gida Ya Shiga Doka

Ranar da mota ta dawo daga wurin mai fenti, dokar gida takan sauya. A hana yara ƙwallo a ƙofar gida, a ɗaure akuya, mai tallar gyaɗa ta koma tsallaken titi. Uwargida ma sai an koya mata rufe ƙofar motar da ta shekara goma tana shiga: "Hajiya, hannun ƙofar kawai za ki kama." Maigida kuwa ya jawo kujera ya zauna da tsumma a kafaɗa, yana amsa "Allah Ya sanya alheri" kamar wanda aka kawo wa amarya.

Sai dai duk cikin masu yi wa fentin nan barazana, babu kamar mai tsumman.

A masana'anta, ana gasa fentin mota a zafin digiri 140 ko fiye, tun kafin a saka kujeru da wayoyi da robobi. Mai fentin gareji ba shi da wannan damar, don sai ya narkar da rabin motar. Ko ɗakin gashin da ake tinƙaho da shi, wajen digiri 60 yake tsayawa, na bakin titi kuma rana ce ɗakin gashinsa. Saboda haka fentin kan bushe a sama, amma tinar da ke cikinsa ta yi makonni tana fita. Shi ya sa masana sana'ar ke cewa a jira kwana 30 zuwa 90 kafin a shafa kakin ƙyalli. Alhaji ya ji wannan bayani, ya gyaɗa kai, ya biya kasuwa ya sayo gwangwanin kakin, a daren ya dalala shi, sannan ya lulluɓe motar da tamfol ya ɗaure tam, wai kada iska ta taɓa ta.

Sai hunturu ya shigo da ƙurar da iska ke kwasowa tun daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi. Mai fenti, in zai gyara fuskar aikinsa, samfefa mai laushi lamba 1500 ko 2000 yake sawa, da ruwa, sannan ya bi da injin goga. Alhaji ya sauƙaƙa aikin: kowace safiya bayan Asuba yakan bi ƙurar da busasshen tsumma yana murzawa, yana ƙara ƙarfi inda ya ga ba ta fita ba. Zanen nan mai zagaye-zagaye da ke bayyana in rana ta haska baƙar mota, sa hannunsa ne. Amma yaron maƙwabta ne zai sha tambayoyi.

Ranar wanki kuma Omo ne da soson buhu, da tsakar rana, ruwan na bushewa kafin a ɗauraye. In an gama, a kai ta inuwar darbejiya, inda tsuntsaye suka daɗe suna jira, ga shi kashinsu na cin fenti in ya kwana a kai.

Kan titi kuwa ba ruwan ɗan adaidaita sahu da dokar gidan Alhaji. Cunkoso ɗaya a Kano ya isa a ja wa ƙofar baya layi rawaya. A fito a tare hanya, a tara jama'a, dattawa su ba da haƙuri, direban ya rantse shi ma yau bai haɗa kuɗin balas ba.

Bayan shekara, in motar ta tashi shiga kasuwa, dillali zai dafa ƙirji ya ce fentin kamfani ne, ko allura ba ta taɓa karce ta ba. Mai saye ya yi murmushi, ya zaro maganaɗisu daga aljihu ya ɗora a ƙofar baya, daidai inda aka cike lotsawa da fila. Maganaɗisun ya faɗo ƙasa. Alhaji ya duba agogo ya ce lokacin Azahar ya yi.