Hayaƙin Bayan Gyara

Salansa ba ta iya rufa wa bakanike asiri. Baƙin hayaƙi, fetur ya yi yawa. Fari mai kauri, gasket ya ƙone, ruwa na shiga inji. Shuɗi kuwa baƙin mai ne ke ƙonewa.

Shuɗin nan ya rako motar wani maƙwabcinmu daga gareji a Mubi har Vimtim, ranar da aka canza mata ringi. Sauro ma ya yi ƙaura daga unguwar. Da maƙwabcin ya kwance fulogi, ga shi sharkaf da mai.

Ya koma. Bakaniken ya sunkuya, ya shaƙa, ya ce, "Maigida, haƙuri za ka yi, sabon ringi baƙo ne, sai ya saba." Sannan ya sayar masa da galan guda na baƙin mai.