Zuwa ga Bazabarmen da ke neman mastar

Bawana Ɗan Zabarma, na gaishe ka, ko da yake kai ya kamata ka fara durƙusawa. Labari ya iske ni har Tibiri cewa ka kammala lisans a sosiyoloji, wato ilimin zamantakewar jama'a, yanzu kuma mastar kake nema. Sai da na ajiye ludayin fura don dariya. Mutumin da bai iya gaida ubangidansa Bagobiri ba, shi ne zai koya wa duniya zaman tare!

Da na shigo Yamai na tarar da kai a fadarku, gefe guda butar shayi na tafasa, gefe guda kwanon kopto, wato kwaɗon zogale, wanda ka suɗe har yana ƙyalli. Ka zaro mini takardun talla na makarantu, duk sun sha man ƙuli. Ka ce mai arha kake so, mai kyau, kuma in da hali a Faransa. Wato kana son nama, kana son romo, kuma kada mahauci ya karɓi ko dala.

To bari mu yi lissafin Faransar taka. A 2019 gwamnatinsu ta yanka wa ɗalibin da ba ɗan Tarayyar Turai ba Yuro 3,770 a shekara kuɗin mastar, kusan sefa miliyan biyu da rabi ke nan. Wasu jami'o'in suna yafewa, amma ba wanda zai yafe maka kuɗin haya da na rigar sanyi. Ofishin jakadancinsu na Yamai ma a rufe yake tun Janairun 2024, sai ka tsallaka wata ƙasa neman biza. Kuma wa zai kwaɗa maka zogale a can? Sati biyu za ka yi ka fara rama.

Sai ka ja ni wata makarantar kuɗi, hawa na biyu a saman shagon masu sayar da taya. Allon da ke ƙofa ya jera mastoci kamar kayan miya a kasuwar Katako. Tambaya ɗaya na yi wa mai karɓar kuɗi: CAMES ta amince da takardarku? Ya dubi fanka, ya dubi takalmina, ya ce takardun suna hanya. Kai kuwa har ka fara lalube aljihu saboda ɗakin da sanyi. Ita CAMES ɗin nan, hukumar da ke tantance digirori a ƙasashenmu masu amfani da Faransanci, a garinku aka haife ta a 1968 kafin ta tare a Wagadugu, amma ba ka taɓa jin sunanta ba. Akwai makarantun kuɗi na ƙwarai, ban hana ba. Sai dai na ƙwaran ba sa kallon fanka in an yi musu wannan tambaya.

Abin da ya fi ba ni haushi, ga kogi a ƙofar gidanka kana neman rijiya. Ka hau Gadar Kennedy ka sauka Harobanda, wato bayan ruwa a yarenku, ga Jami'ar Abdou Moumouni nan tun farkon shekarun 1970, da sashen sosiyoloji a tsangayar adabi da ilimin ɗan Adam. Kuɗin motar faba-faba ya kai ka, ka dawo ka ci tuwon gidanku. A cikin garin nan kuma akwai LASDEL, cibiyar binciken zamantakewa da aka kafa a 2001, mai reshe a Paraku ta ƙasar Benin, wadda ɗalibai daga wasu ƙasashe ke zuwa koyon aikin fili a wurinta. Cikin waɗanda suka kafa ta akwai Mahaman Tidjani Alou da Jean-Pierre Olivier de Sardan. Shi wannan na biyun, Bature ne da ya taso daga Faransa tun shekarun 1960 ya zo nazarin wa? Ku! Ya zauna da Songai da Zabarmawa, ya koyi harshenku, ya zama babban shehin malami a kanku. Kai kuma za ka sayar da gonar tsohonka ka je Faransa a karanta maka labarin kakanka. Shi ne ya yi suna wajen bayyana tazarar da ke tsakanin dokar da aka rubuta da abin da ma'aikaci ke yi a zahiri a asibiti ko ofis. Ban yi mamaki ba, wanda ya daɗe da Zabarmawa dole ya gano haka.

Ba zan ɓoye maka ba, jami'ar gwamnati tana da nata ciwon. Yajin aiki da jinkirin alawus kan ja shekara biyu ta miƙe, kuma wata shida na zaman banza shi ma kuɗi ne. In ka ce Kano ko Zariya ko Sakkwato za ka, suna da sassan sosiyoloji masu tarihi, amma a 2022 malaman jami'o'in Najeriya sun yi wata takwas suna yaji. Ga Ingilishi. Naka bai wuce sunayen ƙungiyoyin ƙwallo ba.

Mastar sosiyoloji malamin da zai duba maka memuwar, wato kundin bincike, ne ke yin ta, da ƙurar da za ka sha a fili. Kafin ka biya ko tamma, shiga ɗakin karatu ka ɗauko memuwar uku na waɗanda suka gama a hannun malamin da kake so. In ka ji muryar mutane a ciki, ungozoma tana magana, ɗan kabu-kabu yana ƙorafi, to malami ne. In kwashe-kwashen intanet ne aka ɗinke, gudu. Sannan ka sayi shayi ka zaunar da ɗalibansa, ka tambaye su wata nawa babi guda ke kwana a jakarsa, da ɗalibai nawa yake riƙe da su. Ka ware kuɗin mota zuwa ƙauye, da na goron tsofaffi, domin wannan ba ya cikin kowace takardar talla. Kana jin Zabarmanci, kana jin Hausa ko da gurguwa ce, wannan jari ne da ɗan Faris sai ya yi shekaru kafin ya tara.

Maudu'i ma na zaɓa maka: wasan da ke tsakaninmu Gobirawa da ku Zabarmawa, wanda UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 2014. Ni ne mutum na farko da za ka yi hira da shi. Ka zo Tibiri da na'urar ɗaukar murya, ka tuɓe takalmi a zaure, ka kuma haɗo da kuɗin sharata na bara da na bana.