Sabon Attajiri, Tsohon Ciwon Kai

A Fabrairun 2024 Sir Jim Ratcliffe ya sayi kusan kashi 28 cikin ɗari na Manchester United, aka damƙa masa ragamar harkar ƙwallo. Nan take 'yan United na gidajen kallo suka koma masana hannun jari. Wanda ake bi bashin kuɗin kallo ma sai ka ji yana bayanin yadda za a kori iyalan Glazer, alhali har yau su ne masu kaso mafi tsoka.

Sai majalisa ta rabu biyu a kan koci Erik ten Hag: 'yan "a kore shi" da 'yan "a yi masa uzuri". A watan Mayu ya doke Manchester City 2-1 ya ɗauki Kofin FA, 'yan kora suka yi tsit. A Yuli shugabanni suka tsawaita kwantiraginsa. Ranar 28 ga Oktoba suka sallame shi, ƙungiya na mataki na 14. Wato an sabunta aure da rani, an yi saki kafin sanyi, kuma sai da aka biya kuɗin sallama.

Dan Ashworth, daraktan wasannin da aka ɗauko daga Newcastle don ya gyara gida, wata biyar ya yi ya bi sahu. Ruben Amorim ya karɓi aikin koci, aka ƙare kakar a mataki na 15.

Don haka ɗan'uwa, in ka ji shugabanni sun ce suna bayan kocinku, fara tambayar sunan magajinsa.